Nutso uku na zaɓi: me ya fi dacewa da mazaunin Abuja?

Malam, ka ce ka kammala matakin farko na PADI, ƙungiyar da ke koyar da nutso a ruwa da tukunyar iska, za ka tafi Sharm el-Sheikh a Masar domin mataki na gaba, kuma kana neman shawara kan nutso ukun da aka bar maka ka zaɓa. Kwas ɗin nutso biyar ne, biyu daga ciki dole ne, wato nutso mai zurfi da na gane hanya da kamfas, kuma kammala shi ne ke ɗaga iyakar zurfin da aka yarda ka kai daga mita 18 zuwa mita 30.

Ma'aunin da nake ganin ya dace da kai shi ne nisanmu da teku. Wanda ke zaune a Abuja yakan daɗe bai shiga ruwan gishiri ba, don haka ya kamata ya fifita abin da zai zauna a jikinsa a kan abin da zai burge shi na yini ɗaya.

Mu fara da daidaita jiki a ruwa da kuma ziyarar jirgin ruwan da ya nutse, domin a nan mutane suka fi ruɗewa. Jirgin ya fi jan hankali, musamman a Bahar Maliya inda Thistlegorm yake kwance, jirgin dakon kaya na Birtaniya da jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar a 1941, har yau da babura da motocin soja a cikinsa. Sai dai nutso ɗaya na zaɓi ba ya ba ka izinin shiga ciki. Za ka zagaya ta waje ne kana lura da ƙarafa masu kaifi da igiyoyi, kuma ƙasan jirgin yana kusan mita 30, daidai bakin iyakarka. Shi kuwa darasin daidaita jiki ba shi da armashi a ido: malami zai rage ko ya ƙara maka dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu don ƙara nauyi, ya sa ka tsaya cak a tsakiyar ruwa hannuwa a harɗe, kana hawa da sauka da numfashi kawai. Amfaninsa ya fi yawa a can, saboda Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, nauyin da ya ishe ka a wurin ninkaya na otal ba zai ishe ka ba. Wanda ya ƙware a nan iskar tukunyarsa takan daɗe, kuma ba ya karya murjani da ƙafa. Wannan shi ne zaɓina na farko, jirgin ya zo na biyu.

Tsakanin nutson dare da na bin gudun ruwa, wurin ne ke yanke hukunci. A Ras Muhammad da mashigin Tiran, wuraren nutso da ke kusa da Sharm, ruwa yana gudu sosai, don haka koyon sakin jiki ya tafi da kai, da hura doguwar balan-balan mai nuna wa matuƙin kwale-kwale inda za ka ɓullo, abu ne da za ka yi amfani da shi tun washegari. Nutson dare yana koyar da natsuwa da yin ishara da tocila, amma mai ɗan tsoro yakan zuƙe iskarsa da wuri. A Sharm, gudun ruwa ya fi.

Ɗaukar hoto ka bar shi tukuna, kyamara tana raba hankalin sabon hannu. Naitroks kuma, iskar da oksijin ɗinta yakan kai kashi 32 maimakon 21, ya fi kyau ka yi cikakken kwas ɗinsa daban. Yana ƙara lokacin zama a ƙarƙashin ruwa ne, ba zurfi ba.

Wajen tsara kwanaki, ka bar aƙalla awa 18 tsakanin nutsonka na ƙarshe da hawa jirgin dawowa Abuja.