Maganin Hana Ɓawon Alli A Bahon Ruwan Zafi: Abin Da Na Gani Bayan Wata Takwas

Wata takwas ke nan ina zuba maganin hana ɓawon alli a bahon ruwan zafi da ke bayan gidanmu a Luton ta ƙasar Ingila, kuma na ga ya dace in rubuta abin da na gani da idona, domin saura ƙiris in yi asarar hitar bahon saboda na ɗauka kwalba ɗaya za ta ɗauke mini duk ɗawainiyar kula da ruwa. Maganin yana aiki, ba zan ɗora masa laifin da ba nasa ba, sai dai aikin nasa yana da iyaka, kuma wanda bai san iyakar ba zai yi ta zuba kuɗinsa a ruwa yana kallon bahonsa yana lalacewa.

Na sayi bahon ne a hannun wanda ya riga ya yi amfani da shi, yana cin ruwa kimanin lita 1,100, ina kuma ajiye zafinsa a digiri 38. Aikina na tsayuwa ne tun safe har dare, kuma a sanyin hunturun ƙasar nan babu abin da ke sassauta mini baya kamar zama a cikinsa na ɗan lokaci bayan sallar isha'i. A makonni biyar na farko ruwan garau yake. A mako na shida na shafa bangon bahon da tafin hannu sai na ji kaushi kamar sanfefa, alhali da santsi yake kamar faranti. Daga nan wani farin layi ya zagaye bahon daidai inda ruwa ke tsayawa, ruwan ya yi hazo kamar an ɗiga masa madara, kuma duk lokacin da na kunna injin da ke feso ruwa sai wasu ƙananan ɓaraguzai farare, masu kama da dakakken ɓawon ƙwai, su fito daga cikin bututu su taru a ƙasa.

A lokacin yayana ya zo mana ziyara daga Sakkwato. Ya tsuguna ya kankare layin da farce, ya murza a yatsunsa, ya ce, "Kai, wannan ai shi ne abin da ke kama gindin butar shayin Hajiya a gida." Na ce, "Yaya, na ɗauka datti ne daga jikin mutane." Ya ce ba datti ba ne, ruwan ne da kansa, irin wanda sabulu ba ya son yin kumfa a cikinsa. Gaskiyarsa kuwa, kuma ba mamaki ya gane shi da wuri, tunda mun taso kusa da Kalambaina, inda dutsen farar ƙasa ya yi yawan da har aka kafa masana'antar siminti a kansa.

Luton tana gindin tsaunukan Chiltern, waɗanda alli ne zalla a ƙarƙashinsu, kamar yawancin kudu maso gabashin Ingila har da kewayen Landan. Ruwan sama yana ɗaukar iskar kabon a hanyarsa, ya ratsa allin nan ya narkar da kaɗan daga cikinsa, ya iso famfo ɗauke da sinadarin kalsiyam wanda ido ba ya gani. Abin da ya bambanta wannan sinadari da gishiri ko sukari shi ne, su zafi yana taimaka musu su narke, shi kuwa zafi fito da shi yake yi daga cikin ruwa ya mayar da shi dutse. Don haka wurin da ya fi kowane zafi a bahon, wato jikin ƙarfen hita, shi ne ya fi saurin kamuwa. Sannan kumfar iskar da ake jin daɗinta a bahon tana korar iskar kabon daga ruwan, ma'aunin pH, wato awon da ke hawa idan tsamin ruwa ya ragu, ya hau, kuma da zarar ya hau sai allin ya ƙara samun ƙofar fita. Wani abokina da ke Birmingham yana da irin bahon nan bai taɓa ganin farin layi ba, saboda ruwan garinsu daga madatsun kwarin Elan na yankin Wales ake kawo shi, inda babu alli a ƙasa.

Maganin da na saya ruwa ne a kwalba mai cin lita ɗaya, ana auna shi da murfinsa, ana zubawa da yawa a ranar da aka cika baho, sannan a riƙa ƙara kaɗan duk mako. Na fara zuba shi a ruwan da ya riga ya ɓaci, na jira mako biyu ban ga wani canji ba sai ɗan raguwar hazo. Kaushin bango yana nan yadda yake. A mako na uku hitar ta fara kashe kanta, allon bahon yana nuna cewa ruwa ba ya gudana yadda ya kamata, kuma da na ciro matatar ruwan na tarar ninkin takardarta ya sandare kamar an yi masa sitati. A nan ne na zauna na karanta yadda irin maganin nan yake aiki, abin da ya kamata in yi tun kafin in buɗe murfinsa. Ba ya cire kalsiyam daga ruwa ko kaɗan. Riƙe shi yake yi ya hana shi haɗuwa ya manne a bango, kuma zafi da kulorin, wato sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, suna cinye maganin a hankali, shi ya sa ake sabunta shi kowane mako. Ɓawon da ya riga ya kafu kuwa ba aikinsa ba ne. Wannan shi ne kukana a kan kwalbar, domin rubutun da ke gabanta yana sa mai saye ya ɗauka wanki ne da rigakafi a haɗe, alhali rigakafi ne kawai.

Sai na koma tushe. Na ajiye takardun gwajin yawan alli a ruwa masu canza launi, waɗanda kalolinsu suke da kusanci har ba na iya bambance 250 da 500, na sayi gwajin da ake ɗiga magani a ƴar kwalba ana ƙirga ɗigo har ruwan ya sauya launi. Ruwan famfonmu ya nuna kimanin miligiram 320 na alli a kowace lita, alhali abin da aka saba ba da shawara a bahon ruwan zafi shi ne tsakanin 150 da 250. Ma'aunin pH ya haura 8, a maimakon ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8, alkaliniti kuma, wato sinadarin da ke tallafe pH ya hana shi sauka, ya zarce 200 inda ake son 80 zuwa 120. Da na ga lambobin nan uku a jere na gane cewa na ɗora wa maganin kayan da ya fi ƙarfinsa.

Wankin ya ɗauke ni yini guda. Na zubar da ruwan, na narkar da garin sitirik asid, wato sinadarin tsamin lemo da ake sayarwa a kantuna da arha, a ruwan ɗumi, na jiƙa tsummoki na manna su a kan farin layin na bar su kusan minti ashirin. Ana jin ƴar ƙarar tsis-tsis yayin da allin ke narkewa, kuma da na ɗaga tsumma sai ɓawon ya biyo shi ba tare da na kankara ba. Farin khal ma yana yi, na gwada shi a bakunan feso ruwa da na kwance na jiƙa a bokiti, amma ya fi jinkiri kuma warinsa yana daɗewa. Ina gargaɗin kowa da kada ya kusanci jikin bahon da soson ƙarfe ko wuƙa, domin duk ƙarzar da aka yi ta zama wurin da alli zai fara kamawa a gaba. Haka kuma kada a kuskura asid kowane iri ya haɗu da garin kulorin a mazubi ɗaya, saboda iskar da ke tashi guba ce mai cutar da huhu. Hitar kuwa ban taɓa ta da kaina ba, mai gyara na kira ya kwance ta, ya nuna mini ƙarfen sanye da farar riga mai kaurin da ya kusa na ɓawon gyaɗa. Ya ce irin rigar nan ce ke tare zafi, ta sa wuta ta yi ta ci ruwan bai ɗumama ba, har ƙarfen ya ƙone.

Akwai abubuwa biyu da na kashe musu kuɗi ban ga amfaninsu ba a wannan matsala. Ɗaya maganaɗisu ne da ake ɗaurawa a bututu, gwajina bai nuna wani bambanci ba kafin da bayan na ɗaura shi. Ɗayan matata ce mai gawayi da ake sawa a bakin tiyo, tana tare laka da warin kulorin, amma kalsiyam wucewa yake yi ta cikinta yadda ya shigo.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne ƙaramin injin tausasa ruwa da ake haɗawa da tiyo, mai ƙwayoyin da ke kama kalsiyam su saki sodiyam a madadinsa, waɗanda ake farfaɗo da su da gishiri idan sun cika. Ba na cika bahon duka da ruwansa, domin ruwan da babu kalsiyam a cikinsa sam yana yawan kumfa kuma yana cin ƙarfe. Rabi da rabi nake yi, lissafin ya sauko kusan 160. Sannan in rage alkaliniti da garin rage pH kaɗan-kaɗan cikin kwana biyu ko uku, ina gwadawa tsakanin kowane zubi, har pH ya zauna a 7.4. Na daina amfani da kulorin nau'in da aka haɗa da kalsiyam, tunda ƙara wa ruwan abin da nake yaƙa yake yi, na koma nau'in sodiyam. Ina rufe ƙofofin iska idan babu kowa a ciki, ina ɗauraye matata duk Juma'a da safe, ina kuma canza ruwan gaba ɗaya duk wata uku.

A cikin wannan tsari ne maganin ya nuna kansa, kuma na samu damar gwada shi ba da gangan ba. Na yi tafiyar mako uku, na bar wa maiɗakina kula da kulorin da pH, amma na manta ban gaya mata batun kwalbar ba. Da na dawo lambobin duk suna daidai, amma wani siririn kaushi ya fara fitowa a kusa da bakunan feso ruwa, inda iska da zafi suke haɗuwa. Na goge shi, na ci gaba da zuba maganin duk mako, kuma tun daga ranar bai sake dawowa ba. Wannan ne ya tabbatar mini cewa ba a banza nake sayensa ba.

Zan sake sayensa, kuma ina ba da shawararsa ga duk wanda ruwan unguwarsa ke barin farin tabo a buta, bisa sharaɗin ya fara zuba shi a baho wankakke da sabon ruwa, bayan ya auna ruwan famfonsa ya san lambarsa. Wanda ruwansa ya haura 300 kamar namu, gara ya fara ajiye kuɗin injin tausasa ruwa kafin kuɗin kwalba. Kwalba ɗaya tana kai ni kusan wata biyar, kuma da mai gyaran ya dawo duba hitar a watan jiya, ya haska ta da tocila ya nuna mini ƙarfen yana ƙyalli.