Aski ya kai ni Osinów Dolny

'Yan uwa na gida, ina gaishe ku. Tsadar aski a Berlin ce ta ishe ni, sai wani abokin aiki ya ce in hau bas zuwa Osinów Dolny, wani ƙauyen Poland da ke gaɓar kogin Oder, kimanin kilomita 60 daga nan. Mazaunansa kusan 200 ne kacal, amma shagunan aski da gyaran gashi jere suke, ga kuma kasuwa mai ɗaruruwan rumfuna a kangon wata masana'anta da Jamusawa suka bari. Mai, taba, cuku, tufafi, duk sun fi araha, kuma da yuro ko zloty, kuɗin Poland, za ka biya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gadar iyaka da ke kan kogin. Da za mu dawo Hohenwutzen, ɓangaren Jamus, na riga na ware 'yan canji a aljihu kamar yadda hanya ta koya mana. Ɗan sanda ya shigo, ya duba takarduna, ya miƙo mini. Shi ke nan! Babu "me ka kawo mana", babu sauke kaya a rana. Wallahi sai da idona ya ciko.

Ku sani fa, waɗannan mutane sun zubar da jinin juna. Har 1945 sunan ƙauyen Niederwutzen, ƙasar Jamus ce. Bayan yaƙin duniya na biyu aka mayar da iyaka kan kogin, aka kori Jamusawa, aka zaunar da 'yan Poland a gidajensu. A 1993 aka buɗe wannan mashiga, yau ga tsofaffin Jamusawa suna miƙa kai ga wanzaman Poland.

Mu kuwa tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Ƙonni, harshe ɗaya, addini ɗaya, ga auratayya. Duk da haka shinge kan shinge, kowanne da hannu a miƙe. A 2019 ma rufe iyakar aka yi sama da shekara, 'yan kasuwa suka karye. Mu ma masu miƙawa tun ba a tambaya ba muna da laifi.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Naman alade ko'ina, sai kifi na ci. Ban ga wurin alwala ba, sanyin kogi na ratsa ƙashi, kuma wanzamar ta gama aikinta tsaf ba tare da ta tambaye ni iyali ba. Na yi kewar hirar rumfar wanzami a gida.