Da Balbo Bai Mutu a Tobruk Ba: Wane Wasan Kwamfuta Za Ka Saya?

Ranar 28 ga Yuni 1940 sojojin Italiya suka harbo jirgin gwamnansu na Libiya, Italo Balbo, a sararin Tobruk bisa kuskure. Yana cikin mutum huɗun da suka ja tattakin 'yan Fasist zuwa Rum a 1922, shi ne kuma ya kai ayarin jirage 24 har Chicago a 1933. To da ya rayu fa, har ya ture Mussolini, shugaban gwamnatin Fasist ta Italiya? A kan irin wannan "da a ce" ake gina wasannin da ke juya tarihin Yaƙin Duniya na Biyu. Uku na gwada, kuma ba ɗaya suke ba.

Wanda ya amsa tambayar kai tsaye shi ne Hearts of Iron IV na kamfanin Paradox, na 2016. Sai dai uwar wasan kaɗai ba ta isa ba, sai ka haɗa da ƙarin By Blood Alone na 2022. A nan ne za ka iya sauke Mussolini ka ɗora Balbo ko Dino Grandi, wani jigon 'yan Fasist, ka kuma ƙera jiragen yaƙinka da kanka. Wasa ne na haƙuri: masana'antu, man fetur, layin dogo, abincin soja. Makon farko kanka zai ɗaure. Tsohuwar laftof za ta ɗauke shi, amma yaƙi na yin nisa za ka ji fanka na kuka, kwanakin cikin wasan suna jan ƙafa.

Panzer Corps 2 na 2020 ya fi kusa da rayuwar kwamanda ɗaya. Janar ne kai na Jamus, ka fara daga Folan a 1939, rundunarka tana bin ka daga fage zuwa fage, kuma idan ka yi ta nasara hanya na kai ka har Amurka. Ya fi sauƙin koyo, ya fi son kwamfuta mai ƙarfin hoto. Abin da ya dame ni shi ne ba ka ganin kowa sai tankoki. Garuruwan da kake ci kamar ba mutane a ciki.

Wolfenstein: The New Order harbi ne zalla, a wata ƙagaggiyar 1960 da 'yan Nazi suka ci yaƙi, kai kuma kana yaƙarsu. Jini ya yi yawa, ba na yara ba ne.

Ni na farkon zan ce ka saya, don dalili ɗaya. Wasan yana buɗewa a Janairun 1936, Italiya na tsakiyar mamaye Habasha, kuma By Blood Alone ya ba ka damar ci gaba da wasa a ɓangaren Habashar, ko da sarkinta Haile Selassie ya tafi gudun hijira. Shi ma wannan wasan ba ya nuna kisan fararen hula. Za ka ga Rodolfo Graziani, wanda ya gaji Balbo a Libiya, a matsayin hoto da maki kawai, alhali a ƙarƙashinsa aka rataye Umar Mukhtar, jagoran gwagwarmayar Libiya, a 1931, aka yi wa mutanen Addis Ababa kisan kiyashi a Fabrairun 1937. Wanda ya fara wasa daga ɓangaren Habasha ba zai kalli hoton nan da ido ɗaya ba. Kakanninmu ma sun shiga wannan fage: birged ɗin sojan Najeriya na cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya a Fabrairun 1941.

Kada ka saya a farashin yau da kullum. Steam, shagon sayar da wasanni na intanet, na yin rangwame a ƙarshen Yuni da kuma Disamba. Ka sauke da datar dare, bayan nan kana iya wasa ba intanet.