Jirgin ƙasa na Haramain: yana da sauri, amma ba ya jiran kowa

Tun 2018 jirgin nan ke zirga-zirga tsakanin Makka da Madina, kilomita 450 cikin kimanin awa biyu da rabi, tafiyar da bas ke cinye awa biyar ko fiye. Yana tsayawa a Jidda, da filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz, da kusa da garin Rabig. Kujeru masu lamba, sanyi, ban ɗaki tsaf. Ga dattijo mai ciwon gwiwa, kuɗin tikitin bai tafi a banza ba.

Inda mutanenmu ke shan wuya shi ne kaya. Babbar jaka ɗaya aka yarda, kada ta wuce kilo 25, girmanta santimita 65 da 55 da 35, sai 'yar jakar hannu. Ghana-mas-go cike da dabino da jallabiyoyin tsaraba ba za ta wuce ba, kuma magiya ba ta aiki a bakin ƙofa. Wannan ne babban aibinsa ga mai Umara. A tura manyan kaya ta mota tun da wuri. Tikiti da suna da lambar fasfo ake sayensa ta intanet, don haka fasfo ya kasance a hannu. A watan azumi kujeru kan ƙare da kwanaki.

Sai batun mikati, wanda ya fi komai muhimmanci. Jirgin da ya taso daga Madina ba ya tsayawa a Zul Hulaifa, mikatin masu tasowa daga Madina. A yi wanka a ɗaura harami tun a masauki, domin mintuna kaɗan bayan tashi za a wuce wurin. Wanda ya tsaya neman ban ɗaki a lokacin zai tsallake mikati ba niyya, fidiya ta hau kansa. Wanda ba Musulmi ba, Jidda ce iyakarsa.

Dokar ladabin jama'a ta Saudiyya ta 2019 tana aiki a tasha da cikin tarago: ɗaukar hoton mutum ba izininsa tarar riyal 1,000 ce, tsallake layi riyal 50. Masu bidiyon TikTok su kula, musamman inda mata ke zaune. A rage murya a waya, sutura ta rufe kafaɗa da gwiwa.

Tashar Makka tana unguwar Rusaifa, ba a bakin Harami ba, don haka a ware kuɗin tasi.