Karayar Hannun da Ta Sa Aka Tuhume Ni a Ingila

Shekara huɗu ke nan da na baro Gombe zuwa Manchesta, kuma ban taɓa jin ƙasƙanci irin na daren da na kai ɗana asibiti da karyayyen hannu ba. Shekararsa 9, ƙwallo kawai ya jefa wa ƙanensa a falo, sai muka ji ya ƙwalla ƙara ya dafe kafaɗa, alhali bai faɗi ba kuma ba wanda ya taɓa shi. Kusan awa biyar muka yi a sashen gaggawa kafin a kira mu, domin ko da yake ba a karɓar ko sisi a asibitin gwamnati a nan, jiran da ake sha yana cin rai matuƙa.

Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni yadda abin ya faru har sau uku, tana rubuta duk abin da na faɗa, daga bisani ta nemi in fita, ta zauna da yaron shi kaɗai tana tambayarsa ko akwai mai dukansa a gida. Na tsaya a baranda jikina yana rawa, ina tunanin wai ni da na haife shi, na baro dangi da ƙasa domin ya samu ilimi, yau ni ake zargi da karya masa hannu. Daga baya na fahimci cewa haka suke yi wa duk iyayen da bayaninsu bai dace da raunin ba, saboda lafiyayyen ƙashi ba ya karyewa don an jefa ƙwallo, amma har yau idan na tuna tsayuwar nan sai in ji zuciyata ta yi nauyi.

Hoton ƙashi ne ya wanke ni. Likitan ya juyo da kwamfuta ya nuna mini wani kogo a saman ƙashin damtse, dab da kafaɗa, cike da ruwa, wanda ya ci ƙashin ta ciki har ya bar shi kamar ɓawon ƙwai. Ya nuna mini wani ɗan ɓallin ƙashi da ya nutse zuwa ƙasan kogon, ya ce wannan alama ce ta cewa ruwa ne a ciki, sannan ya tabbatar mini ba ciwon daji ba ne kuma ba ya yaɗuwa. An fi samunsa a yara 'yan shekara 5 zuwa 15, maza sun fi mata, galibi a saman damtse ko saman cinya, kuma da yake ba ya ciwo, sai an karye ake gano shi. Akwai wani nau'in mai cike da jini wanda ke kumbura da sauri, shi ya sa suka ƙara ɗaukar hoton MRI, wanda ke nuna abin da ke cikin kogon dalla-dalla, domin su bambance.

Ba su yi gaggawar fiɗa ba. Sun rataye hannun a wuya na mako shida, suka ce idan karayar ta haɗe amma kogon bai cike ba, za a sa yaron barci a zuƙe ruwan da allura a zuba maganin sitiroyid ko ɓargon da aka ɗebo daga ƙugunsa, idan hakan ya faskara a kankare cikin a cike shi da dashen ƙashi. Na cinya ya fi haɗari tunda shi ke ɗauke da jiki, har akan sa masa ƙarfe. Kogon yakan dawo bayan magani, kuma sau da yawa yakan rufe da kansa idan yaro ya gama girma.

Da na kira mahaifiyata, cewa ta yi da a gida ne da mai ɗori ya gama da shi kafin isha'i. Na ce, "Inna, ai ba karayar ce ciwon ba, ƙashin ne ya rarake." Nan ne raina ya ɓaci da halinmu, domin na san da za a ɗaure shi da karare a yi tofi, ƙashi ya haɗe mu yi ta yabo, bayan shekara ya sake karyewa mu ce baki ne ko sammu. Muna da asibitin koyarwa a Gombe da Bauchi, ga na ƙashi a Dala, kuma na san kuɗin hoto yana yi wa talaka nauyi, amma har masu hali sukan fara da ɗori, ga yaran da ɗauri mai tsanani ya ruɓar wa hannu har aka yanke. Kuma yaro nawa ne a wajenmu ake karyawa da duka ba tare da wani ya keɓe shi ya tambaye shi ba?

Duk tsawon jinyar nan mutum ɗaya ne ya zo dubiya, wani abokina ɗan Bauchi, alhali da a Jekadafari ta Gombe ne da zaure ya cika, da kwanukan farfesun ƙafar sa sun yi mana yawa. A nan ba ka da ikon ganin likitan sai ranar da wasiƙar asibiti ta ce, tamu kuwa wata uku ta ba mu. An hana yaron ƙwallo har zuwa ranar, kuma kullum da yamma yana bakin taga yana kallon 'yan'uwansa suna bugawa.