Na iska ko na ruwa: wane abin sanyaya baƙin mai ya dace da tsohuwar Hilux?

Assalamu alaikum. Alhaji, na ga tambayarka. Ka ce kana da tsohuwar Hilux mai taimako (giyar da ke sa duk tayoyi huɗu su ja), injin fetur 22R, kana ɗauko hatsi daga ƙauyuka zuwa Dawanau, kuma in rana ta take ka tsaya a cunkoso sai fitilar baƙin mai ta dinga ƙyaftawa. Bakanike ɗaya ya ce a sa maka oyil kula, wato abin sanyaya baƙin mai, na iska, wani ya ce na ruwa. Dukansu na taɓa hulɗa da su, ga abin da na gani.

Na iska ƙaramin lagireto ne da ake ɗaurawa a gaban mota. Ana cire filta, a sa wani faranti tsakaninta da inji, tiyo biyu su fita daga farantin, ɗaya ya kai mai, ɗaya ya dawo da shi. Na ruwa kuwa ɗan gwangwani ne da ke zama a gindin filta, ruwan lagireto yana ratsa shi yana jan zafin man. Wato na farko iska yake ba wa zafin, na biyu ruwan injinka yake ɗora wa. Duk sauran bambancin daga nan ya taso.

Ɗauki tafiyarka. A kan titin Katsina kana gudun kilomita 80, na iska ba shi da na biyu, don iska na dukansa kai tsaye. Amma ka sauka daga kwalta, ka sa taimako, mota na jan ciki a cikin rairayi da buhu goma sha a baya, ko ka maƙale a Kurna da azahar a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. A nan babu iskar da zai samu sai wadda fanka ta zuƙo. Shi ya sa wurin ɗaura shi ya fi girmansa muhimmanci. In aka maƙala shi can ƙasan bamba, fanka ba ta kai gare shi, ga dutse da kututture na jiransa a hanyar daji. Wurinsa gaban lagireto, daidai inda fanka ke ja, kada kuma ya yi faɗin da zai toshe wa lagireton numfashi. Ƙura ma tana like shi, musamman da hunturu, sai ana hure shi.

Na ruwa bai damu da gudu ko tsayuwa ba, muddin ruwa na zagayawa yana aiki. Yana da wani alheri kuma: da sanyin asubar Janairu ruwa ya riga mai ɗumama, sai ya taimaka wa man ya yi laushi da wuri. Irinsa Toyota ta gina a jikin injin dizal 1HZ mai lita 4.2 na Land Cruiser, kuma kowa ya san juriyar wannan inji. Sai dai can an auna lagireton da wannan nauyin tun daga kamfani. Naka lagireton ya shekara nawa? In dama da ƙyar yake riƙe zafin injin, ka ƙara masa na mai, tafasa za ka gani. Ga kuma ɗabi'armu ta zuba ruwan rijiya ko na burtsatse maimakon kulan, ruwan lagireto na musamman mai hana tsatsa. Tsatsa na cin gwangwanin daga ciki, ranar da ya huje mai da ruwa su gauraya, ka buɗe murfi ka ga abu kamar shayi da madara.

Na iska ma da nasa haɗarin, kuma ni ya taɓa ci. Wani gareji suka sa mini tiyon ruwa da kilif na yau da kullum a layin mai. Muna hanyar Falgore tiyon ya zame, kafin in ankara man ya tsiyaye a ƙasa, Allah ne ya sa idona na kan fitila na kashe inji nan take. Injinka lita huɗu da ɗoriya kawai yake sha, kuma famfo ne ke tura man da ƙarfi, ba ya ɗaukar lokaci ya ƙare. Don Allah kada ka yarda da tiyon da ba na mai ba ne, a kuma matse bakinsa da injin matse tiyo, a nisanta shi da salansa. Ka nemi faranti mai tamostat, wanda ba ya sakin mai zuwa gaba sai ya kai wajen digiri 80. In ba shi, da hunturu man zai daɗe da kauri, wannan ma cin inji ne. Wanda za ka saya na hannu a Ƙofar Ruwa kuwa, a wanke cikinsa sosai, domin in daga injin da ya buga aka ciro shi, ɓarɓashin ƙarfe na nan kwance a ciki.

Amma Alhaji, fitilar nan da ke ƙyaftawa ita ta fi damuna. Zafi kan tsinka mai har ƙarfinsa ya faɗi, gaskiya ne, sai dai metal (beyarin da ke cikin inji) da ya cinye, ko famfon mai da ya gaji, ko jabun mai, ko ɗan maɓallin fitilar kansa, duk suna kawo haka, kuma babu oyil kula da zai gyara su. A ɗaura geji a auna ƙarfin man da zafinsa bayan ka yi tafiya da lodi. Daga digiri 90 zuwa 110 lafiya ne, ba ka buƙatar ƙarin komai. In yana zama sama da 120, to lallai akwai buƙata.

In awo ya nuna haka, a motarka ni na iska zan sa, mai tamostat, bayan an wanke lagireto an duba fanka da fanbel. Na ruwa sai in ka sauya lagireto sabo kuma ka yi alƙawarin rabuwa da ruwan rijiya. Ranar da aka ɗaura, a tayar da inji ya yi zafi, a kashe, a sake duba sandar mai a cika, don oyil kula da tiyo za su shanye wani abu. Ka leƙa bakin tiyon kowace safiya har sati guda kafin ka shiga daji da lodi.