SPSS, jamovi, JASP ko R: wanne za ka sa a laftof kafin babi na huɗu?

Ƙanwata da ke karatun saikoloji a jami'ar Ghana da ke Legon ta dawo gida unguwar Madina ta Accra da takardun tambayoyi cike da jaka, mutum 200 da wani abu sun cika mata, ta ce yaya ka turo min momo zan je a sa min SPSS, wato manhajar lissafin bayanan bincike da za ta yi babi na huɗu na aikin kammala digiri da ita, babin fitar da sakamako. Na ce dakata tukuna, kin tambayi malamin da ke duba aikinki ko dole sai shi? Shiru. To abin da na faɗa mata shi zan faɗa muku, don na ga yaranmu na zango da yawa suna kashe kuɗi a inda bai kamata ba.

SPSS dai tsoho ne, tun 1968 aka fara shi a jami'ar Stanford a Amurka, IBM ta saye shi a 2009, kuma yawancin malamanmu da shi suka yi nasu karatun shi ya sa in ka kai musu tebur ɗin da ya fito daga ciki kallo ɗaya suke yi su gane. Wannan ba ƙaramin abu ba ne fa, ranar kare aiki. Matsalar kuɗi ne, da dala ake saye, lasisin ɗalibai ma na wata shida ne ko shekara ɗaya sai ka sabunta, kai kuma sidi kake riƙe da shi. Na sata da ake sa wa mutane a shago kuwa ni na sha wuyarsa, wani yaro ya sa min, saura sati biyu in miƙa aiki abu ya ce lasisi ya ƙare, na koma shagon yaron ya ce ai bai san ni ba. In dole sai SPSS, fara tambaya a sashenku ko akwai shi a ɗakin kwamfuta.

Ni jamovi na sa mata, kuma shi nake ba kowane ɗan digiri na farko shawara. Kyauta ne, ka sauke sau ɗaya shikenan ba ya neman intanet, yana buɗe fayil ɗin SPSS kai tsaye. Abin da ya fi burge ni, bayananka na gefe ɗaya sakamako na ɗaya gefen, in ka gano ka rubuta shekarun wani 222 maimakon 22 ka gyara, nan take duk lissafin ya gyaru da kansa ba sai ka sake komai daga farko ba. Ti-tes na kwatanta rukuni biyu, anoba in sun kai uku, alaƙa tsakanin abubuwa biyu, rigireshan na hasashen wani abu daga wani, alfar Cronbach da ake son ta kai 0.70 kafin a yarda da ma'aunin tambayoyinka, duk suna ciki, tebur ɗin kuma da ma a tsarin APA, salon rubuta bincike da ake bi a saikoloji, yake fitowa sai dai ka kwafa ka liƙa.

JASP ɗan'uwansa ne, daga jami'ar Amsterdam, shi ma kyauta. In malaminka na son lissafi irin na Bayes, wata hanya daban ta auna hujja, ɗauki shi, in ba haka ba duk ɗaya ne, wanda ya kwanta maka.

R kuma wata duniya ce. Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro shi a jami'ar Auckland, kyauta ne, kusan babu lissafin da ba zai yi ba, jamovi ɗin ma a kansa aka gina shi. Amma rubuta umarni ake yi ba danne-danne ba, waƙafi ɗaya ka manta sai ya yi ta zuba maka jan rubutu. Wanda zai wuce mastas ko yake hangen aikin bincike ya fara koyo tun hutu. Wanda saura wata ɗaya ya miƙa aiki, don Allah ka rufa wa kanka asiri. Excel kuwa ka shigar da bayanai da shi ka tsaftace, yana iya ti-tes da anoba amma ba a nan ya ƙware ba.

Akwai wani ƙarami da ba a cika ambata ba, G*Power, na jami'ar Düsseldorf a Jamus, kyauta, kuma kafin ka raba takarda ko ɗaya ya kamata ka buɗe shi. Shi zai gaya maka mutum nawa kake buƙata. Misali kana son kwatanta maza da mata a kan fargabar jarrabawa, kana tsammanin bambanci matsakaici wato 0.5, da ƙarfin gwaji 0.80, wato damar gano bambancin in da gaske akwai shi, zai ce maka mutum 64 a kowane ɓangare, 128 kenan. Ka je da 30 ka dawo p ɗinka, lambar da ake so ta yi ƙasa da 0.05 kafin a yarda da bambancin, ya haura 0.05 ka zauna kana zargin manhaja.

Kuma dai duk cikinsu babu wanda zai hana ka yin shirme, ka ba shi addini ko unguwa ka ce ya fitar da matsakaici, zai fitar maka har da lamba biyu bayan ɗigo, alhali kai-sukwaya, gwajin kwatanta yawan mutanen kowane rukuni, ake yi wa irin wannan. Ƙanwata ma haka ta so yi, ta sa Nima 1, Mamobi 2, Madina 3, ta zo tana nuna min wai matsakaicin unguwa 2.14. Malamin nata dai ya ce jamovi ya yi, abin da yake so kawai ta rubuta girman bambancin kusa da kowane p.